Wake Uku da Rigar da Inna Ba Ta Gama Ba

Da tsakiyar zafi ne, alhazai sun watse ke nan, Makka ta yi shiru irin na gidan da baƙi suka tashi suka bar wanke-wanke. Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Tun azumi muke zirga-zirga tsakanin gida da asibiti, kowa a gidan a wuya yake. A cikin haka Allah ya karɓi ran Inna, mahaifiyar maigidana, wata Talata da hantsi. Shi ya ba mu ita, Shi ya karɓi abarSa. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, maza suka wuce da ita makabarta, mu mata muka dawo gidanmu na unguwar Shisha muka yi shimfiɗa.

A nan zaman makoki kwana uku ne, daga magariba zuwa isha'i, gahawa da dabino suna zagayawa. Tsofaffin matan unguwar Mansur, waɗanda suka san Inna tun tana budurwa, suka zo cike da tasi biyu. Ina zaune bakin ƙofa ina amsa gaisuwa, kunnena yana wajensu.

"Allah ya jiƙan mai tsumma," in ji ɗaya daga cikinsu.

Wata ta ce, "Amin. Ni tsohon mayafina ta karɓa, ta ce zan ga abin da za ta yi da shi. Shekara shida ke nan, ban gani ba."

Suka rufe baki da gefen abaya suna dariya ƙasa-ƙasa. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun faɗi alherinta, sun tuna matan da ta zauna wa jego da gawarwakin da ta wanke. Amma duk zancen da aka ɗauko, sai ya gangaro ya ƙare a kan tsumma.

Yaya, babbar 'yar Inna da ke aure a Jidda, ta ja hannuna zuwa kicin ta turo ƙofa.

"Kin ji da kunnenki ko? Uwata ce ake kira mai tsumma, kamar ba ta haifa ba. Ke da kike zaune da ita kika zuba ido ta cika ɗaki da buhuna. To, ana share makoki, kafin in koma Jidda, duk abin da ke ɗakin nan zai sauka bola. Halas, magana ta ƙare."

Na ce, "To, Yaya." Shekara ashirin da huɗu ina cewa to a gidan nan, bakina ya saba. Amma a cikin buhunan akwai abu ɗaya da Inna ta damƙa min amanarsa, kuma kwana uku kacal gare ni in san yadda zan yi.

Bari in faɗi yadda abin ya faro, don jikokinta da ke dariya da Larabci su sani ba taɓuwa kakarsu ta yi ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Inna tana da sauran ƙarfi, takan zauna a unguwar Misfala lokacin Hajji tana sayar da hulunan da ta ɗinka. Wata rana ta dawo gida da baƙi biyu, wata 'yar ƙaramar tsohuwa fara sol da 'yarta. Mutanen Japan ne, wadda mu nan muke ce wa Yaban. Zafi ne ya kayar da tsohuwar a gaban hulunan Inna, ita kuwa ba ta tsaya neman izinin kowa ba, ta jiƙa mata kai da ruwa, ta tare mota, ta kawo su. Ni na dama kunun tsamiya. 'Yar ta yi karatun Larabci, ita ce ta zama bakinmu.

Tsohuwar tana rataye da wata 'yar jaka shuɗiya, baƙi-baƙi, an yi mata aikin farin zare gida-gida. Inna ta karɓa ta kai hanci ta shinshina. Mahaifinta marini ne a Kano kafin ya ɗauko su zuwa nan tana yarinya. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "'Yar nan, baba ne. Rinin gaske. A ina waɗannan suka san karofi?"

Ashe sun sani. 'Yar ta ce can arewacin ƙasarsu suke, ƙauye ne da ƙanƙara ke rufewa kusan rabin shekara. Ta nuna mana hotuna a waya: gidaje ƙanƙara har rufi, murhu a tsakiyar ɗaki da butar ƙarfe a rataye a kansa, takalma da aka saƙa da karan shinkafa. Ta ce a zamanin kakanninsu an hana talaka sa auduga, sai tufar rama, wadda iska ke ratsawa kamar rariya. Sai matan suka riƙa bin ramukan saƙar da allura suna cikewa da zare, suna ƙirga silin saƙar: ɗaya, uku, biyar, bakwai, ba a yin biyu ko huɗu. Duk tsawon hunturu ɗaya mace tana zaune a kan ƙirjin riga guda. In riga ta mutu, ba a yar da ita, a yanka a yi maho a kan wata, har a sami rigar da ke ɗauke da tufar kaka da ta uwa da ta 'ya. Ma'auninsu kuwa wake ne: ƙyallen da zai ƙunshe ƙwayar wake uku, yana da sauran aiki.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai ta ce, "Ƙauyawa ne irinmu."

Kwana huɗu a jere tsohuwar tana dawowa. Su zauna a tabarma gwiwa da gwiwa, wannan tana Hausa, waccan tana yarensu, allura tana kai-komo tsakaninsu. In Inna ta ɓata ƙirga, tsohuwar ta ɗan buge mata hannu, Inna kuma da ba a taɓa ta ko da wasa sai ta yi dariya ta warware. Da za su tafi ta bar mata jakar da allura mai dakusasshen baki. Muka sa mata suna Hajiyar Yaban. Ba mu sake ganinta ba, lambar wayar ma ta ɓace da tsohuwar wayar maigidan.

Daga ranar nan zaman lafiyar kwandon sharata ya ƙare.

Inna ta sami gwangwanin madara ta zuba wake uku a ciki. Duk ƙyallen da zai fita gidan nan sai ya bi ta gabanta. Ta shimfiɗa shi a tafin hannu, ta ɗora waken, ta naɗe. In ya rufe, ya shiga buhu. Na taɓa jefar da wuyan tsohon tob ɗin maigidan, doguwar rigar Larabawa, wanda gumi ya cinye, na dawo daga kasuwa na tarar ta wanke shi ta shanya a kan kujerar falo.

Na ce, "Inna, wannan ai ya mutu."

Ta ce, "Ke kika yi masa salla? Mutanen ƙanƙara ba sa haka."

Wannan magana ta zama gishirin gidan. Yaro ya bar shinkafa a faranti, mutanen ƙanƙara ba sa haka. Babbar 'yata ta sayi abaya ta uku a shekara, mutanen ƙanƙara ba sa haka. Matar da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firij. Wata rana 'yar tawa ta gaji ta ce wa kakarta, wadda suke kira Sitti, "Sitti, nan fa Makka ce, ko a hunturu fanka muke kunnawa." Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Shi ya sa ba ku da hankali. Zafi ya narkar da shi."

Sai kuma rini. Duk alhajin Kano da ta sani sai ta aika ya taho mata da baba. Ta jiƙa shi da toka a babbar roba a saman bene, warin ya sauko har hawa na biyu, maƙwabta suna tambayata ko bututu ne ya fashe. Ni ke ba da haƙuri. Ranar da ba zan manta ba, ta ɗauraye rininta a injin wanki ba ta faɗa min ba, ni kuma na zuba haramin maigidan, washegari zai raka abokan aikinsa Umra. Tawul biyu farare suka fito shuɗi kamar sararin sama. Ya tsaya riƙe da su, ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya rasa wadda zai yi wa faɗa.

"Inna, da wannan zan yi ɗawafi?"

Ta karɓa ta ɗaga a hasken taga ta jujjuya. "Ka ga yadda ya kama kuwa? Tun da ba za ka sa ba, bar min."

Ya fita ya sayo wani. Ita kuma ta yanka wancan ta yi shafi da shi a cikin rigar da ta fara haɗawa.

Rigar nan ita ce aikin da ya cinye sauran shekarunta. Doguwa ce zuwa gwiwa, buɗaɗɗiya ta gaba, maho a kan maho, kafaɗu da ƙirji cike da farin zare gida-gida. Nauyinta ya kai na bargo. Kowa ya ɗauka ta Hajiyar Yaban ce, tana jiran ranar da za ta dawo. In na tambaya sai ta ce, "Ba ruwanki. Zo ki zura min zare." Idonta ya yi rauni, ni ce mai zura zare, ni ce mai ƙirga mata in layi ya rikice, ga tukunya a wuta. In na ce bakwai, ta ce in sake. In na sake na ce bakwai, ta ce ai ta sani.

Ga ta da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ina cikin wucewa da faranti sai ta cafke ni, ta bi kafaɗata da taƙi, ta bi hannuna har wuyan hannu, ta ce, "Kin rame. Ɗana ba ya ba ki abinci ne?" Bayan wata biyu ta sake kamawa ta ce, "Kin yi ƙiba. Zama ya yi miki yawa." A gaban baƙi ma ba ta fasawa. Ina da hannun hagu da ya karye tun ina yarinya, ya ɗore a karkace, ya fi ɗan'uwansa gajarta. Ba na son a taɓa shi. Shi ta fi kamawa.

Sau ɗaya tak na ɗaga mata murya. Ɗana na biyu ya rasu yana da wata bakwai. Majanyin da na goya shi da shi, saƙi ne fari da ratsin ja, mahaifiyata ta aiko min daga gida, na ninke shi a ƙasan akwati. Ba na fito da shi, sanin yana nan ya ishe ni. Wata rana na buɗe akwatin ban gan shi ba. Na shiga ɗakin Inna, na ga gezarsa a ƙasa kusa da almakashi.

Na ce, "Inna, a duk tsumman duniya, wannan kika ga dama? Wannan ba tsumma ba ne. Ɗana ne."

Ta tattara gezar a hannu. Can ta ce, "Na sani. Ni na wanke gawarsa."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta ce ga abin da ta yi da shi ba. Kwana tara ina kai mata abinci in ajiye in fito. A na goma ta ce, "'Yar nan, zaren ya fita," na zauna na zura. Haka muka shirya. Amma ban yafe ba, na dai rufe.

Alherinta ma da faɗa yake zuwa. Ina da sanyin ƙashi, in mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya daɗe yana bugawa, gaɓoɓina sai su riƙe. A garin nan kuwa ba inda za ka guje masa: gida, mota, asibiti, har cikin Harami. Ban taɓa kai ƙara ba, yara suna jin zafi. Inna ce za ta fito ta ce a kashe wannan abin, yana sa mata ciwon kai. Yara su yi ta gunaguni suna cewa Sitti ta cika mulki. Sai da ta kwanta asibiti, na ji tana roƙon ma'aikaciya ta ƙaro mata sanyi, na gane ba kanta ke ciwo ba.

A asibitin ne, kwana biyu kafin rasuwarta, ta kama hannun nan nawa na hagu ta ce, "Rigar tana buhu na uku, cikin zanen atamfa. Saura aikin bakin hannu ɗaya. Kada ki bari babbar ta zubar min." Na ce to.

Rana ta uku ta makoki, bayan la'asar, kafin masu gaisuwa su fara zuwa, na ji ana jan buhu a tsakar gida. Yaya ce, ta ɗaure ƙugu da mayafi, ta riga ta fitar da biyu bakin ƙofa. Na shiga na buɗe na uku na ɗauko ƙunshin.

"Ajiye," in ji ta.

"Yaya, wannan Inna ta bar min amana."

"Amanar me? Matar da aka yi wa ita, wa ya san ko tana raye? Ko Yaban ɗin za ki kai mata a ƙafa?"

"Ban sani ba. Amma ba za ta bola ba."

Ta tsaya tana kallona, don ba ta taɓa jin na ce a'a ba. Ta fizge ƙunshin ta warware, rigar ta zubo har ƙasa.

"Dubi abin da ake rigima a kai. Wa zai sa wannan a Makka, in ba wanda ke neman a kai shi asibitin mahaukata ba? To tunda kina so, sa mu gani. Sa mana, amaryar Inna."

Ta yafa min a kafaɗa da gatse, ta cusa hannuwana ciki. Babbar 'yata tana bakin ƙofa, ta fara murmushi.

Rigar ta zauna. Kafaɗa ta faɗa daidai kafaɗata. Hannun dama ya tsaya a wuyan hannuna. Na hagu, wanda duk telan da na taɓa kai wa ɗinki sai na naɗe abin da ya ɗinka, shi ma ya tsaya cif, an rage shi, an ɗan karkata shi yadda ƙashin ya karkace. Hajiyar Yaban kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba.

'Yata ta ce a hankali, "Mama, awonki ne."

Shekara da shekaru ana kama ni a gaban mutane ana cewa na rame, na yi ƙiba. Ashe awo take.

Na ji wani abu mai kauri a bayana, ba laushin tawul ba. Na tuɓe na juya cikin rigar. Majanyin yana nan, fari da ratsin ja, bai taɓa rini ba, gezar kawai aka cire. Ta shimfiɗa shi daga kafaɗa zuwa ƙugu, daidai inda goyo ke kwanciya, ta bi shi da ƙananan ɗinki yadda ba zai taɓa yagewa ba.

Na zauna a bakin gadonta. Abin da ya fara zuwa min ba kuka ba ne, haushi ne. Inna, da baki gare ki. Kalma ɗaya za ki faɗa, ki hutar da ni shekara bakwai ina kallonki da abu a rai. Kika bar ni ina zura miki zare ina ƙuna.

Yaya ta ɗauki gefen rigar tana bi da yatsa, ta tsaya a kan wani maho mai ɗigo-ɗigo.

"Wannan rigar sallata ce, shekarar da Baba ya rasu," ta ce. Ta matsa gaba kaɗan. "Wannan kuma rawaninsa ne." Ta ja hanci, ta miƙe, ta gyara ɗaurin ƙugunta. "Rigar taki ce. Amma sauran buhunan fa? Kada ki ce min su ma awonki ne."

Na ce, "A bar min ɗaya."

"Ɗaya. Kuma ban da rini a saman bene."

Da magariba tsofaffin Mansur suka dawo. Na fito da rigar na shimfiɗa a tsakiyar falo, ban yi wani bayani ba. Mai mayafi ta sa tabarau ta duƙa, ta yi ta nema har ta gano nata a ƙarƙashin hammata. Ta ce, "A hammata ta sa ni? Allah ya jiƙanki, kin rama." Aka yi dariya, wannan karon ba a rufe baki ba. Sai ga su duka a durƙushe, kowace tana neman nata, gahawa tana hucewa a kofuna.

Allah ya yafe wa Inna, ya yalwata mata kabarinta, ya sanyaya mata shi daidai yadda take so, ba yadda ta riƙa cewa tana so ba. Hajiyar Yaban kuma, in tana raye Allah ya ba ta lafiya, in ta riga mu, Allah ya haɗa su a tabarma ɗaya. Ni ma na yafe, har ƙasan zuciya.

Washegari bayan sallar asuba, Yaya ta kama hanyar Jidda, yara suka kunna mukayyif har ƙarshe, tunda babu mai hana su. Na sa rigar, na zauna a tabarmar Inna, na jawo gwangwanin. Waken uku suna nan, sun yi baƙi don shafa, allurar tana soke a murfin. Na zare hannuna na dama daga rigar, na ɗora bakin hannun a gwiwa, inda farin zarenta ya tsaya a tsakiyar layi. Na zura zare na fara: ɗaya, uku, biyar. A layi na huɗu na duba na ga na yi shida.

Babu mai buge min hannu. Na warware, na sake daga farko.